Yadda Zakaran Rukayya Ya Zama Nawa

Akwai maganar da take yawo a tsakaninku, kuma ta iso kunnena ta baki fiye da ɗaya. Wai ni ce na tare wa Rukayya hanya, na sa ta rasa aikin gidan talabijin, saboda ni tsohuwa ce da ba ta san darajar zane ba. Rabin maganar gaskiya ne, ni na sa ta rasa aikin. Ɗaya rabin shi zan gyara muku tun ina da bakin gyarawa. Ban taɓa zama a aji ba, ban san yadda ake riƙe alƙalami ba, saboda haka ina faɗa ne, Rukayyar da kanta tana bugawa a kwamfutarta. Na ce ta sa yadda na faɗa har wuraren da ba su yi mata daɗi ba, kuma wani daban zai karanto mini in ji ko an rage.

Sai na fara da zancen zare, don ku manya kun san asalinsa, amma 'ya'yanku tashi suka yi suka tarar da shi. Lokacin da aka kawo ni Babura daga Roni, sana'ar da na zo da ita ɗinkin hula ce. Mahaifinku yana rumfarsa ta hatsi a kasuwa, ni ina tsakar gida da allura. Da yara suka yi yawa sai rigima ta yi yawa: wannan kofina ne, wancan ya sa mini takalmi, wa ya ɗauki matajina. Ni kuwa ba na son hayaniya, ba na kuma son shari'ar da ba ta da shaida. Sai na ɗebo ragowar zaren hula na raba muku launi. Yayanku Babba, wanda har yau ba na kama sunansa don shi ne na fari, ya sami ruwan ɗorawa. Habibu shuɗi. Hadiza ja, Ladidi kore, auta Rukayya da ta zo can baya ruwan hoda. Duk abin da yake na mutum sai na ɗaura masa zarensa, hannun kofi ne, wuyan buta ne, silifa ce, har cokali. Aka sami lafiya a gida. Da kuka girma kuka yi naku gidajen ban daina ba. Jika in ya zo hutu, zaren ubansa ko na uwarsa nake ɗaura wa kayansa. Shi ya sa yaro a zuri'ar nan, tun bai iya ƙirga yatsunsa ba, ya san ruwan ɗorawa na gidan Babba ne, shuɗi na gidan Habibu. Maƙwabta ma sun sani. In aka tsinci silifa mai jan zare a bakin famfo, nan gidan za a kawo a ce ga ta 'ya'yan Hadiza.

Shekarar da mahaifinku ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ya kira mazan biyu, ya miƙa wa Habibu tiyarsa ta awo da mabuɗin rumfa. Ba don ya fi son shi ba ne. Habibu yana da sanyin baki, zai iya wuni yana ja-in-ja da mutumin Nijar a kan canjin sefa bai ɗaga murya ba. Babba kuwa in ka taya masa kaya da raini, cewa zai yi ka tashi masa daga gaba. Ƙarfinsa a gona yake, mahaifinku ya san haka, shi ya sa ya bar masa gonar Gwiwa. Amma Babba bai ji dalilin ba, tsallakewar kawai ya ji. Bai yi musu ba. Bayan sadakar arba'in ya kwashi iyalinsa ya koma Gwiwa. Shekarun farko sai dai aike. Daga baya ya fara zuwa da Sallah, ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya gaisa da Habibu kamar waɗanda suka haɗu a tashar mota. A hankali har ta kai yana kwana, yana sa hannu a kwano ɗaya da ƙaninsa. Ni ina kallo ban ce komai ba. Yadda aka tashe mu, uwa ba ta zama hira da ɗan fari, balle ta lallashe shi a gaban mutane. Abin da nake iyawa shi ne in yi miyar kuka da daddawa mai yawa yadda yake so, ba tare da na ce don shi na yi ba.

Ita kuma Rukayya, ku ajiye wannan a ranku, ni ce na taka da ƙafata na je na roƙi kawunku ya bar ta ta tafi Kazaure karatu, lokacin yana cewa mace da zane ina amfaninsa. Ta dawo da kwamfuta da wani allo baƙi da take zane a kansa da tsinke marar tawada. In ta zana kaza, ta sake zana ta, ta sake, sai ka ga kazar tana tafiya. Katun suke ce masa. Na zauna a bayanta ina ɗinki ina leƙe, na gane aikin ba shi da maraba da nawa sosai: sukar allura ɗaya ba komai ba ce, sai sun taru hula take fitowa. Ban faɗa mata haka ba, amma na daina aikenta in na ga ta sunkuya.

Labarin da ta ƙirƙira na zakaru biyu ne a gidan wata tsohuwa. Katanga ɗaya ce a gidan, kuma wanda ya hau ya yi cara ya tashi gari, shi tsohuwar take watsa wa gero. Babban cikinsu sunansa Tunau, ƙaramin Ɗanliti. Tunau ya riga fitowa daga ƙwai, amma mutanen gari sun fi son muryar Ɗanliti. To kullum Tunau yana cikin dabara. Yau ya shafa wa katanga yauƙin kuɓewa don ƙaninsa ya zame, sai shi ya manta ya hau ya faɗo. Gobe ya zuba barkono a gero, iska ta juyo masa da shi. Wani abokin karatunta a Kazaure shi yake yi wa Tunau murya, da ihu da ƙwafa da tsaki. Yara suka haukace a kan abin. Ta waya yake yawo, daga wannan gida zuwa wancan, har na ji ana zancensa a wurin awo. Wani gidan talabijin a Kano ya ce ta kawo musu jeri guda su nuna da azumi. Ni duk wannan a kunne nake jin sa, don in ta gama zanen da baƙin layi sai ta shige ɗaki ta rufe ta sa launi, wai hasken tsakar gida yana ruɗa mata ido. Ban taɓa ganin zakarun da rigarsu ba sai ranar sunan 'yar Hadiza.

Bayan kaka ne, an gama kai amfani gida. Gida ya cika. Da hantsi jikoki suka taru a gindin darbejiya suka kewaye waya ɗaya, ni ina gefe ina tsince shinkafa. Na ɗaga kai na ga abin. Ɗanliti shuɗi ne tas, kamar an tsamo shi daga marina. Tunau kuwa ruwan ɗorawa, kuma in kishin ya taso masa, ba shi kaɗai ba, sama da ƙasa da katangar duk sai su rine su zama ruwan ɗorawa, har fuskokin yaran da suke kallo suka yi kalar. Hannuna ya tsaya a cikin faranti. Kafin in buɗe baki, Ummi 'yar Habibu ta nuna da yatsa.

"Ga Baba Babba nan zai faɗo."

Suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kullum sai ya faɗo."

Sadiku ɗan Babba ya ce, "Ba babanmu ba ne."

Ummi ta ce, "To kalar wa ce? Duba takalminka."

Yaron ya duba takalminsa. 

Ban lura Babba yana tsaye a bakin zaure ba sai da na ji ƙarar buta a ƙasa. Ya shigo ne ɗaukar ruwa. Ya tsaya ya kalli wayar ta saman kawunansu har zakaran ya faɗo, yara suka yi shewa. Ya ɗebi ruwansa ya fita. Da aka kai wa maza abinci aka ce ya ce yana da masu aiki a gona, ya hau babur. Bayan kaka, wane aiki? Matarsa da yaran washegari suka bi shi a mota.

Na bari baƙi suka watse. Kwana biyu bayan nan, da safe, na kira Rukayya ɗakina na ce ta zo da kwamfutar.

"Wa ya zaɓa wa zakarun nan launi?"

"Ni ce, Inna."

"Da wane dalili?"

Ta yi mini bayani mai tsawo, kuma ban katse ta ba. Ta ce a sana'arsu launi magana yake yi kafin baki ya yi. Shuɗi yana kwantar da ido, shi ya sa ake ba mai haƙuri. Ruwan ɗorawa in ya yi yawa yana damun mai kallo, kamar idon mai ciwon shawara, shi ya sa ya dace da wanda abu ke ci a ciki. Ta ce ta gwada kore, ya ɓace a cikin ganyen bishiya. Ta gwada ja, ya zama kamar mai faɗa, alhali Tunau ba mafaɗaci ba ne, mai ƙyashi ne. Duk abin da ta faɗa da ma'ana, ban ƙaryata ko ɗaya ba.

Na ce, "Wa kike kai wa ruwa tun kina rarrafe a kofi mai zaren ɗorawa?"

 Sai ta ce, "Wallahi Inna ban yi tunanin Yaya ba."

"Na yarda. Amma Ummi ta yi, Sadiku ma ya yi."

"Yara ne fa. Za su manta."

"Shi ba yaro ba ne."

Har yau ban san ko hannunta ne ya tuna abin da ita ta manta ba. Ta rantse, kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba, saboda haka na bar zancen a nan. Ga ta nan tana bugawa tana girgiza kai. Ki rubuta kawai.

Na ba abin lokaci ko zai huce da kansa. Bai huce ba. Babba ya daina ɗaga wayar Habibu. Ni in aka kira mini shi sai gaisuwa, lafiya lau, lafiya lau, sai ya ce ga uwar yara. Matarsa ce ta faɗa wa Ladidi cewa a Gwiwa ma abin ya bi su, don yaran sun kai labarin zare makaranta, yanzu in ya wuce majalisa sai wani ya yi cara ƙasa-ƙasa. Mutumin da ya haura hamsin, mai furfura a gemu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san tunanin da yake yi: cewa a gidan nan aka zana shi, a ƙarƙashin idona, ni da ba abin da yake wuce ni, kuma ban hana ba. Na ga shekarun da aka yi ana lallaɓo shi suna komawa baya kamar an ja zare ɗaya a hular da ba a ƙulle ba.

Na sake kiran Rukayya. Na ce ta sauke duk wanda ta sa a waya, ta sake musu launi.

Ta ce, "Inna, kin san abin da kike cewa kuwa? Kowane motsi zane ne daban. Kuma ba zakaran kaɗai ba, sama da katanga da inuwa duk da shi aka daidaita su. Ba zan gama kafin azumi ba. Mutanen Kano ba za su jira ni ba."

"Na sani."

"Wannan ce dama ta farko da na samu."

"Na sani."

Ta yi kuka. Na bar ta ta yi. Da ta share ido ta ce to ta ji, za ta mai da shi ruwan goro, tunda ba na kowa ba ne a gidan. Na ce Ɗanliti za ta ba ruwan goro, a raba Habibu da shi. Amma Tunau in aka ba shi launin da ba na kowa ba, cewa za a yi an sake wa Babba riga, kuma dariyar sai ta fi ta da. Sunan ya riga ya manne masa. Ba zai sauka ba sai an ba shi wani wurin da zai manne.

"To wa zan ba? Yaya Hadiza? Yaya Ladidi? Ko ni?"

Na jawo mayafina na ajiye mata a cinya. Kun san shi, ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigon fari a baki. Tun rasuwar mahaifinku irinsa nake saye, in ya tsufa in sake wani. Duk Babura in aka hango shi daga nesa an san wa ke tafe.

Ta kalle ni kamar na zautu. "Ke, Inna?"

"Ki sa masa ɗigon a fiffike. Ki kuma gyara masa ido ya riƙa kallo ta gefe, yadda kuke cewa ina yi in kun ɗauka ba na ji."

"Za a yi miki dariya."

"Su wa? Jikokina? Tsakanina da su ai da ma wasa ne. Jika ya ce wa kakarsa zakara, ta bi shi da muciya, an wuce wurin. Amma ɗa ya ji ana ce wa ubansa haka, wannan ba ya wucewa."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta ɗauki mayafin ta fita da shi.

Abin da ya biyo baya ba zan rage masa nauyi ba, don ita ta ɗauke shi, ba ni ba. Ta sauke katun ɗin duka. Masu kallo suka yi ta tambaya, daga baya suka daina tambaya. Ta kira mutanen Kano ta nemi a ɗaga mata, suka ce azumi ba ya jira, suka ba wani. Abokin nata mai muryar Tunau ya ji haushi, ya ce bai yi wahalarsa don rigimar gidan wasu ba, ya kama wani aiki. Ta yi watanni a ɗaki, in wuta ta ɗauke ta ɗauki kwamfuta ta kai shagon caji ta dawo. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini ruwan alwala, amma hira ta mutu a tsakaninmu. A lokacin ne maganar da na fara da ita ta fita, kuma ban tanka ba, don in na bayyana dalili na sake jawo sunan Babba cikin bakin mutane. Kawunku har gida ya zo yana cewa ai da ma ya faɗa, yanzu ga shi na dawo kan maganarsa. Na ba shi fura ya sha ya tafi. Ƙaramar Sallah ta zo, Babba ya aiko da yara da buhun gero, shi bai zo ba. Ran nan na yi miyar kukar duk da haka, Habibu ya ci shi kaɗai bai ɗaga kai ba.

Ana gab da faɗuwar damina ta saki katun ɗin da ta gyara. Ba ta nuna mini ba, sai ji na yi tsakar gida ta kaure. Ummi ce ta rugo har ɗaki.

"Kaka, an sa ki a waya."

"Ni kuma?"

"Wallahi ke ce. Har hararar."

Na karɓa na duba. Yarinyar nan ba ta yi mini da sauƙi ba, kuma na gode mata da hakan. Ga zakara ruwan ƙasa, ga ɗigon fari a fiffike, ga ido ɗaya a kaikaice. Har yadda nake taɓe baki kafin in ce a'a ta sa masa. In kishin ya taso masa yanzu, duniyar ba ta yin haske, dushewa take yi kamar hadari ya haɗo, katanga da sama su koma kalar tukunya. Rukayya daga baya ta ce wannan ya fi na farkon dacewa, don abin a ciki yake cin mutum, ba ƙyalli yake yi ba. Ni dai na ɗauki muciya na bi Ummi har zaure, sauran suna bayana suna cara. Kafin mako ya zagayo, 'yan matan da suke kawo mini hula sun iya kallon gefe. A gidan biki wata sa'ata ta ce, Hajiya yau wa za a shafa wa kuɓewa? Na ce ki kula da inda kike taka ƙafa. Ba zan ce ban ji komai a raina ba. Mace mai shekaruna, wadda yara suke gyara zama in ta shigo, ta zama abin kwaikwayo a bakin famfo. Amma ban sake jin an haɗa zakaran da wani ba ni ba.

Ranar wata kasuwa, bayan azahar, na ji sallama a bakin ƙofar ɗakina. Ban ɗaga kai ba, na san muryar, ta Babba ce. Ya durƙusa a inda ya saba. Muka gaisa, na tambayi yara, na tambaya ko sun yi shuka. Ya shiga murza hularsa.

"Inna, me ya sa kika bari aka yi miki haka?"

"Ba bari na yi ba. Sawa na yi."

"Har Gwiwa ana yi. Sadiku ya zo yana ce mini, Baba ashe ba kai ba ne, Kaka ce."

"To ai ya faɗi gaskiya."

 Na ci gaba da ɗinkina, ina soka allura inda ba wurinta ba. Can ya ce, "Ina autar?"

Ta fito tana raɓe-raɓe. Ta durƙusa za ta fara ba da haƙuri, ya ɗaga mata hannu.

"Bar wannan. Na ji abin da kika rasa. Kawo in gani da kyau, ni ban taɓa kallonsa a zaune ba."

Ta kawo kwamfutar ta ajiye a kan tabarma. Ya kalli ɗaya, ya kalli na biyu. Wurin barkonon har ya yi murmushi. Da ya ƙare ya ce, "Zanen ya yi. Amma mai muryar nan bai san abin ba."

"Kamar yaya, Yaya?"

"Ihun me yake yi? Mai jin wannan abin ba ya ihu. Gaisuwa yake yi mai kyau. Ya ce Allah ya ƙara, ya koma gefe ya zauna."

Rukayya ta kalle ni, na kalli hulata. Ta ce, "Ai ya ma tafi. Ina da sabo na gama zanawa, ba mai yi mini murya." Ta dube shi. "Ko za ka yi mini?"

"Ke, ni sa'an wasanki ne?"

"Layi kaɗan ne."

"In koma Gwiwa a ce na zama zakara da gaske."

Na ce, ba tare da na dube shi ba, "Zakaran nawa ne. In na ba da aronsa ba mai magana."

Ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun mahaifinku yana raye.

Bayan la'asar suka shigo ɗakina, wai ya fi ko'ina rashin amsa-kuwwa saboda katifa da tarin kaya. Rukayya ta rataya bargo a taga, ta kori yara waje, ta kafa masa abin ɗaukar magana a gabansa. Ni ba wanda ya ce in fita, ban kuwa fita ba. Ta miƙa masa takarda, ya ce ta riƙe abarta, ta faɗa masa kawai abin da yake faruwa. Ta ce Ɗanliti yana kan katanga, ya gama cara, tsohuwa ta watsa masa gero. Tunau yana ƙasa yana kallonsa. Yau bai shirya wata dabara ba, magana kawai zai yi.

Ana cikin haka Habibu ya dawo daga kasuwa, an faɗa masa a hanya cewa Yaya ya zo. Na ga inuwarsa a labule. Ya ɗaga kaɗan ya ga abin da ake yi, sai ya tsaya a nan, da ƙurar hatsi a rigarsa. Babba ya ba ƙofa baya, bai gan shi ba. Ko ya gan shi, ban sani ba.

Rukayya ta ɗaga yatsa. Babba ya gyara murya, ya yi magana a hankali, yadda yake gaishe da mutum.

"Ka yi cara mai kyau, ƙanena. Gari duk ya tashi. Allah ya ƙara." Ya tsaya. "Ni dai na riga ka sanin katangar nan. Ni na nuna maka inda ake sa ƙafa."

 Sai daga bakin ƙofa Habibu ya ce, "Kai ka nuna mini, Yaya. Ban manta ba."

Na tashi na ce tukunyata tana kan wuta. Na ratsa ta gefen Habibu na fita, na je na tsaya a madafa, inda ban ɗora komai ba. Daga nan nake jiyo su, ƙasa-ƙasa, ɗaya yana tambayar farashin dawa, ɗaya yana cewa bana a yi shuka da wuri.

Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan yammacin da idona. Na gode wa Rukayya, wadda ta biya abin da ba ita kaɗai ta ci ba, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Gidan talabijin ɗin ba su sake nemanta ba har yau, kada wani ya ce muku abin ya dawo mata ninki. Tana nan tana zanenta, yara suna kallo a waya, Yayanku yana zuwa daga Gwiwa ya yi mata murya ya kwana.

Wanda yake shakkar abin da na faɗa, ya nemi wannan katun ɗin ya saurara da kyau. Bayan Tunau ya gama magana, za ku ji Ɗanliti ya amsa daga kan katanga da wata murya da ba tasa ba, tana ɗan nisa, kamar daga bakin ƙofa. Rukayya ba ta goge ta ba.